Bayan saki: Me ya rage a wuyan miji, me ya faɗi?

A garuruwan Ikara da Maƙarfi da Kudan, kamar sauran ƙasar Zazzau, an saba ganin mace ta kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta ranar da aka miƙa mata takardar saki. Daga nan sai ciyar da ita da 'ya'yanta ya koma kan mahaifinta ko 'yan'uwanta. Wannan al'ada ce, amma hukuncin da kotuna ke bi ya sha bamban da ita.

Tun shekarar 2001, zamanin Gwamna Ahmed Mohammed Maƙarfi, kotunan Shari'a ne ke sauraron ƙararrakin aure tsakanin Musulmi a Jihar Kaduna, bisa mazhabar Malikiyya. A wannan mazhaba, idan saki ɗaya ne ko biyu, wato na kome, ci da sha da sutura da muhallin matar suna kan mijin har ta gama idda, tsarki uku ga mai al'ada. Idan saki uku ne ko khul'i, muhalli kaɗai take da shi, sai fa in tana da juna biyu, to ciyarwa na nan har ta haihu. Sauran sadakin da ba a biya ba bashi ne, kayan ɗakinta kuma mallakinta ne. Kyautar sallama da ake kira mut'a mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta.

Da zarar idda ta cika, haƙƙin ciyar da matar ya faɗi. A nan aka bambanta da auren rajista, inda dokar tarayya ta 1970 ta bai wa Babbar Kotu ikon yanka wa ɗayan ma'auratan kuɗin tallafi bayan rabuwa.

Haƙƙin 'ya'ya kuwa saki ba ya taɓa shi. Uba ne zai ciyar da namiji har ya balaga yana iya nema, mace kuma har ta tare a gidan mijinta, ko da suna hannun uwarsu, wadda ita ce kan gaba wajen riƙo matuƙar ba ta sake aure ba. Alƙali na yanka kuɗin gwargwadon ƙarfin uban, ko manomin rake ne ko ma'aikaci mai albashi.

Matar da aka hana wa haƙƙinta na iya shigar da ƙara a kotun Shari'a ta yankinta, kuma ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Kaduna.