Inuwar Injin Iska: A Auna Ta Kafin A Sa Hannu

'Yan'uwa manoma, injin iska mai ba da wutar lantarki ya iso ƙasashenmu. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina akwai injuna 37, aikin da aka soma a shekarar 2005. A Taiba Ndiaye ta ƙasar Senegal kuwa an buɗe tasha mai injuna 46 a cikin gonaki a shekarar 2020. Ko wane injin can gindinsa ya kai mita 117, faɗin da'irar fukafukansa kuma mita 126. Idan wani kamfani ya zo neman fili kusa da garinku, za a yi ta maganar diyya da hanya da aikin yi. Amma akwai wani abu da a kan manta, wato inuwa.

In rana ta yi ƙasa, da sassafe ko da yamma lis, sai ta tsaya a bayan injin. Duk sa'ad da fiffike ya gifta, haske ya ɗauke ya dawo. Injin mai fukafukai uku da ke juyawa sau 15 a minti zai jefa inuwa sau 45 a ko wane minti. Ku yi tunanin mace tana tankaɗe a tsakar gida, ko yara suna karatu a aji, haske yana ta ƙyaftawa haka har rabin awa. Manyan injuna ba su kai saurin da ya kan tayar da farfaɗiya ba, gama wannan sai ƙyaftawar ta kai kamar sau uku a daƙiƙa. Duk da haka abin yana damun ido, yana hana sukuni, injin kuwa ya kan yi shekara 20 ko fiye a wurin.

Abin farin ciki shi ne ana iya auna wannan tun ba a haƙa rami ba, domin tafiyar rana sananniya ce. Masu awo su kan sa tsawon injin da faɗin fukafukai da wurin ko wane gida a cikin kwamfuta, ta lissafta ranakun da inuwa za ta faɗa wa gidan, da yawan mintocin. Su kan ɗauka babu gajimare, babu itatuwa, injin kuma ba ya tsayawa, don a ga iyakar munin abin. Ƙasar Jamus ta sa ƙa'ida a 2002: kada ya wuce awa 30 a shekara, ko minti 30 a rana. Bankin Duniya ma ya sa wannan ma'auni a ƙa'idodinsa na 2015. A Ingila a kan duba gidajen da ke cikin nisan faɗin fukafukai sau goma. Ga injin irin na Senegal, wannan mita 1,260 ke nan.

Sai dai mu lura, ba duk lissafin Turai ya dace da mu ba. Su a ɗaki suke wuni, don haka tagogi suke aunawa. Mu kuwa girki da sussuka da hira duk a tsakar gida muke yi, saboda haka mu roƙa a auna gida duka. Na biyu, da rani ba mu da gajimare kamarsu, don haka kada mu yarda a rage mana lissafi da hujjar wai hadari zai rufe rana. Na uku, a wajenmu gidajen gabas da na yamma da injin su ne a kan gaba. A watan Yuni inuwar safe ta kan karkata kudu maso yamma, a Disamba kuma arewa maso yamma. Gidan da ya tsira da damina yana iya shan wahala da hunturu.

To, me ƙungiya za ta yi? A Nijeriya dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli ta 1992 ta ba jama'a damar duba rahoton aikin su faɗi ra'ayinsu. Sakataren ƙungiya ya nemi taswirar inuwa, ya tabbata an sa ko wane gida da makaranta da ɗakin shan magani da wurin ibada, har da rugar makiyaya da filin da gari zai faɗaɗa gobe. In wani gida ya wuce ma'auni, magani uku ne. A matsar da injin tun yana kan takarda, wannan ya fi sauƙi. Ko a sa masa na'urar da ke tsayar da shi a mintocin da inuwa ke kan gida. Ko a dasa itatuwa irin su darbejiya a tsakani, amma wannan sai an jira shekaru.

Duk abin da aka yi alkawari, a rubuta shi cikin yarjejeniya, a gaban mai gari da shugabannin ƙungiya, tare da sunan ofishin da za a kai ƙara. Muna maraba da wuta, amma tun ran gini ran zane.