Haja a Kano, Mai Ita a Mubi: Abin Lura Kafin a Damƙa wa Wani Ajiya da Aike

A Mubi ta yau, mutum na iya zama ɗan kasuwa ba tare da ya kama hayar ko da rumfa ba. Matar aure a Lokuwa ko Kolere za ta ɗora hoton atamfa, leshi, abaya ko takalma a sitatus na WhatsApp, ko a Facebook da TikTok, sai oda ta fara shigowa daga Michika, Maiha, Yola, har Abuja. Abin da mai saye bai sani ba shi ne, sau tari ita kanta mai sayarwar ba ta taɓa sa hajar a ido ba. Tana can jibge a wani sito a Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano, ko a Jimeta, a hannun wani wakili. Shi ke ajiya, shi ke ɗaurewa, shi ke kaiwa tasha, wani lokacin ma shi ke karɓar kuɗi.

Ni dai ban ga laifin wannan tsari ba, domin akwai hankali a cikinsa. Mubi a gefen ƙasa take, dab da iyakar Kamaru. Daga nan zuwa Yola kaɗai kusan kilomita 200 ne, ta Hong da Gombi da Song, ballantana Kano. A ɗauko kaya daga Kano a kawo Mubi, sannan a sake mayar da su ga mai saye a Gombe ko Kaduna, biyan kuɗin mota ne sau biyu, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Bayan haka, duk wanda ya ga ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta shiga garin mutane suka gudu suka bar shaguna cike da dukiya, ba sai an koya masa amfanin raba jari gida biyu ba.

Manyan kamfanoni ma haka suke yi. Tun 2006 Amazon ta Amurka ta fara karɓar hajar ƙananan 'yan kasuwa tana ajiyewa a ɗakunan ajiyarta, tana aika wa masu saye a madadinsu. Jumia, wadda aka kafa a Legas a 2012, tana da irin wannan tsari mai suna Jumia Express. Sai dai a wurinsu komai a rubuce yake: abin da ya shigo, abin da ya fita, kuɗin ajiya, da wanda zai biya in kaya sun lalace.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da sun san fatoma, mai masaukin da ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya riƙe masa kuɗi. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga yadda masu gida Hausawa ke riƙe da cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu, akasari a kan bashi da yarda. Har gobe in ka shiga kasuwar shanu ta Mubi za ka tarar da dillalai a kan wannan turba. Amma a lura da abin da ya riƙe amanar: mai gida yana da gida da iyali a wurin, an san ubansa, yana da sarkin da za a kai ƙararsa, kuma in ya ci amanar bafatake ɗaya labari zai riga shi zuwa kowace kasuwa. Wakilin da aka samu a wani zauren WhatsApp ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Lambar waya ce kawai, in an cire layi shi ke nan.

Duk da haka, a ganina ba ɓarawon da zai tsere da kaya gaba ɗaya ne ya fi cinye jarin mutane ba. Wannan ana jin labarinsa, ana hattara. Wanda ya fi ɓarna shi ne wakilin kirki da ba a yi ƙa'ida da shi ba, kuma ɓarnar daga ƙidaya take farawa. An saro turmi 50 an bar masa. Shi kuma ba naki kaɗai yake riƙewa ba, akwai na mutum biyar ko goma a ɗaki guda, wasu zanen iri ɗaya. Yau wata ta samu oda nata ya ƙare, sai ya ara daga naki da niyyar mayarwa. Gobe yaronsa ya ɗauki mai ruwan toka a maimakon mai ruwan ƙasa. Ki kira ki ce, "Alhaji, saura nawa?" Ya ce, "Hajiya kar ki damu, akwai kaya." Ai kuwa "akwai kaya" ba lissafi ba ne. Sai ranar da kika karɓi kuɗin mutum uku a kan zanen da ya ƙare tun makon jiya za ki gane. Masu sayen nan ba su san wani Alhaji a Kano ba, ke suka sani, kuma hotonki ne za a ɗora a yi miki tonon silili.

Maganin wannan ba ya buƙatar kwamfuta. Littafi biyu, ɗaya a Mubi ɗaya a sito. Ranar da kaya suka shiga a ƙirga su a gaban kyamarar waya, a rubuta suna a jikin kowace dila ko kwali. Duk abin da ya fita a turo hotonsa kafin a ɗaure. A tsayar da rana guda a mako ta haɗa lissafi, ko da ba a sayar da komai ba. Wakilin da ya ji haushin wannan, ya ce ba a yarda da shi ba ne, ya riga ya ba ki amsa.

Sai tasha. Kowa ya san yadda ake webil: a sa kaya a kwali, a rufa da buhu, a naɗe da salatif, a rubuta suna da lambar waya da maka, a miƙa wa direba ko ɗan kamasho. Daga nan sai addu'a. Kwalin zai iya kwana a but ƙarƙashin buhun albasa, ko a saman mota ruwan Agusta ya sauka a kansa. In babu motar da za ta miƙe, a sauke shi a Gombe ko Yola a ba wani direban da ba wanda ya san lambarsa. Ya iso a jiƙe, ko babu kwalba biyu na humra, ki yi magana direba ya ce, "Ni fa saƙo aka ba ni, ban buɗe ba." Gaskiyarsa kuwa. Shi ya sa ya kamata saƙo ya bi ta ofishin 'yan yuniyon na tashar a yanki rasit, a rubuta abin da ke ciki da kimarsa, a ɗauki hoton lambar mota da ta direba. Wasu na ɓoye kimar kaya don kuɗin webil ya yi sauƙi, su ce tsofaffin tufafi ne alhali wayoyi ne. Ranar da kayan suka ɓace, kuɗin tsofaffin tufafin za a yi maganar biya.

Batun kuɗi kuma a zauna a yi lissafi da biro. Ga misali kawai: a ce an saro turmi a kan naira 12,000 an sayar 15,000. A cire la'adar wakili 500, ɗauri da dako zuwa tasha 500, saura 2,000. To in aka yi yarjejeniyar sai kaya sun iso a biya, mai saye ya kashe waya ko ya ce ba kalar da ya gani ba ke nan, zuwa 2,000 dawowa 2,000, ga la'ada da dako an riga an biya. Turmi ɗaya da ya dawo ya cinye ribar biyu da rabi. Saboda haka a karɓi aƙalla kuɗin mota kafin kaya su tashi. Kuɗin ciniki kuma su shiga asusun mai haja kai tsaye, ita ta biya wakili haƙƙinsa. In aka bari suna taruwa a hannunsa sai ƙarshen wata, an ba shi jari ne kyauta ba a sani ba. Kada kuma a saki kaya a kan hoton rasit na tiransifa, sai an buɗe asusu an ga kuɗi sun zauna.

Akwai tambayar da mutane ke jin nauyin yi, wai kamar fatan tsiya ne: in gobara ta tashi fa? A Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. A daminar 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta lalata yadi mai yawa. Asalin hukunci a wurin malaman fiƙihu shi ne mai riƙon ajiya amintacce ne, ba a ɗora masa biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Ke nan in ba a tanadi wani abu ba, kamar inshora ko raba kayan wuri biyu, asarar ta mai haja ce. Gara a san haka tun ana dariya.

Lambobin wayar masu saye ma dukiya ce. Duk odar da aka tura wa wakili, an ba shi suna, lamba da unguwar kwastoma, ga shi kuma shi ke zaune a bakin sari. Ba abin da zai hana shi kiran su ya ce zai ba su da sauƙi. Tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, don haka rarraba lambobin matan mutane ba tare da izininsu ba ya wuce batun rashin kyautawa. A ba shi abin da aike ke buƙata kawai. Masu kwastoma a tsallaken iyaka ta Sahuda kuwa, su fayyace tun farko wa zai ji da kwastan, da kuma farashin da za a canza sefa.

In kamfani ne ya zo da tallar zai ajiye ya kuma aika, a nemi lambar rajistarsa ta hukumar CAC a duba, a tambayi lasisin da hukumar gidan waya, NIPOST, ke bai wa kamfanonin aike. In mutum ne, a tura ɗan'uwa ya je ya ga siton da idonsa, ya gaisa da maƙwabtan shago da shugaban layin, a sa shaida biyu a takarda ko da shafi ɗaya ce. A fara da kayan da in sun salwanta ba za su durƙusar da jari ba.

A cikin takardar nan kada a manta da ranar rabuwa, domin a nan ne rigima ta fi zafi. Wakili zai ce yana bin kuɗin ajiya na wata huɗu, ba zai saki kwantan da ya rage ba sai an biya, mai haja kuma ta ce ba a taɓa yin maganar kuɗin ajiya ba. A rubuta tun ranar farko: nawa ne kuɗin ajiya, daga yaushe yake fara hawa, kwana nawa za a ba juna sanarwa, kuma wa zai biya motar da za ta kwaso ragowar kayan zuwa Mubi.