Shawara ɗaya, ido daban-daban: darasin Kodak

Ka san injiniyan kamfanin Kodak na Amurka, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko a 1975? To me ya hana kamfanin rungumarta da wuri?

Kowa daga kujerarsa yake kallo. Injiniya na hangen gobe. Akanta na lissafin ribar fim ɗin hoto, wadda ke riƙe da kamfanin. 'Yan talla na tsoron mutuwar kasuwar wankin hoto. Kowa da hujjarsa, amma muryar masu kare ribar yau ta rinjaya. A 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi.

Don haka kafin ka yanke shawara a sana'arka, duba: wa zai amfana, wa zai yi asara, wa kuma ba a ji ta bakinsa ba?