Gawo da Baƙin da Ke Sauka a Gonakin Sae Sabuwa

Kallon tsuntsaye sana'a ce da ke ciyar da gidaje a ƙasashe da dama. Baƙo ya biya kuɗin jirgi da masauki da mota, ya kuma biya jagoran da zai tashe shi tun asuba ya kai shi bakin ruwa ko gindin dutse, don kawai ya ga tsuntsun da bai taɓa gani ba ya rubuta sunansa a littafi. A Gambiya, a gadar Kotu, samari ne ke tsayuwa da madubin hangen nesa a wuya suna jiran masu yawon buɗe ido, kuma da wannan aikin suke riƙe iyalansu. A yankinmu wuraren da aka fi ambata su ne gandun dajin W a gaɓar kogin Kwara, inda aka ƙidaya nau'in tsuntsaye fiye da 350, da fadamun Haɗeja da Nguru, da dajin Amurum a kan duwatsun Jos, inda aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a 2001.

Ba wanda ke sa Sae Sabuwa ta jihar Maradi a wannan layi. Ƙasar jigawa ce, ta gero da wake da gujiya, haka Agiye da Gazawa da ke gabas da ita. Amma a ganina gonakin nan suna da abin nunawa da ba kowane gandun daji ke da shi ba, kuma manoma ne suka samar da shi da hannunsu.

Bayan farin 1984, lokacin da gonakin Maradi suka zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, abin da yau ake kira sassaben zamani ya fara bazuwa. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ɗin SIM a Maradi a lokacin, shi ya dage a kan cewa kututturan da ke cikin gona ba su mutu ba. Maimakon manomi ya sassabe duk tohon da ya fito ya ƙone, sai ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya gyara su ya bar su su girma. Ƙauyen Ɗan Saga na Agiye ya yi suna a wannan aiki. Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, sun kiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Manomi ya yi haka ne don itacen girki da abincin dabba da taki. Tsuntsu bai shiga lissafinsa ba, amma ya ci gajiyar abin.

Gawo ne ginshiƙin labarin. Kowane manomi ya san halinsa: yana kaɗe ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, sai ya yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka tsaya tsirara. Daidai lokacin ne ƙananan tsuntsayen Turai ke isowa, bayan sun ratsa teku da Sahara suna gudun sanyi. Wasunsu ba su kai giram 15 ba. Masu bincike na ƙasar Holan, Leo Zwarts da abokan aikinsa, sun shekara da shekaru suna ƙidayar tsuntsaye itace bayan itace a faɗin Sahel, suka gano cewa baƙin nan sun fi taruwa a itatuwa masu ƙaya irin gawo da aduwa, inda tsutsa da ƙwari suka yi yawa, alhali bedi da turare, waɗanda aka yi ta dasawa da sunan yaƙi da hamada, kusan ba sa tsinana musu komai. Turawa sun daɗe da sanin cewa abin da ya faru a nan yana kaiwa ƙofar gidansu. A bazarar 1969, bayan ƙarancin ruwa a Sahel, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu a Ingila da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda.

Tsaya ƙarƙashin gawo da hantsi a watan Janairu, ka yi shiru. Da farko ba ka ganin komai sai ganye. Can sai reshe ya ɗan motsa, wani abu mai launin toka ya ratsa tsakanin ƙayoyi, ya tsinci tsutsa a bayan ganye, ya yi gaba ba tare da ya zauna ba. Wanda ke riƙe da madubi zai ga jan zobe a idon wani, ko farin layi a gefen bakinsa. Wanda ba ya da madubi, in ya saba da daji, da kuka yake rarrabe su.

Idan waɗannan baƙi suka koma arewa, shamuwa ce ke karɓar fage. Tana zuwa wajen Afrilu da Mayu daga gabashi da kudancin Afirka, ta yi sheƙa a tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, manomi ya fara gyaran iri. Ba a taɓa ta, ba a ɗibar ƙwanta, kuma tana biyan kuɗin masauki da farar da take tsincewa a gona. Kare tsuntsu ba darasi ba ne da Bahaushe zai jira a kawo masa daga waje.

Ruwa ma bai yi nisa ba. Gulbin Maradi yana shigowa daga Jibiya ya bi ta Madarumfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji kafin ya koma Nijeriya. Gulbin Kaba da gorubarsa yana ratsa Gazawa ya nufi Mayahi. Tafkin Madarumfa, wanda aka sa cikin jerin dausayin Ramsar a 2019, yana tara kirinjijiya da zalɓe da balbela da zakaran ƙeƙuwa. Mai son ya ƙara gaba sai ya yi arewa zuwa gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, aka kuma mayar da raƙuman dawa cikinsa daga Kure a 2018.

Akwai abin da ke ci mini rai. Ungulu, wadda a da ta cika kowace mahauta, yanzu sai yaro ya girma bai gan ta ba. Jean-Marc Thiollay ya ƙidaya tsuntsaye masu farauta a hanyoyin Mali da Burkina da Nijar wajen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin da ɗoriya, ya tarar manyan ungulaye sun kusa ƙarewa a wajen gandun daji. Guba da cinikin sassan jikinta don magani suna cikin dalilai. Tun 2015 ungulun gari tana jerin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa.

Batun baƙin waje kuwa, gaskiya sai an jira. Harin Kure na 9 ga Agusta 2020, wanda ya ci ran Faransawa shida da direbansu da jagoransu, ya tsayar da yawon buɗe ido cik. Gandun W ya zama wurin da ba a shiga. Ƙasar Gidan Rumji kanta, inda Sae Sabuwa take, tun 2019 take karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, ga ɓarayin daji a bakin iyaka.

Saboda haka masu kallon farko na gida ne: 'yan makaranta da malamansu, ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maradi, ma'aikatan gandun daji. Jagororin kuwa suna nan a ƙauyuka. Tsohon mafaraucin da ya ɗaura kan burtu a goshi ya yi rarrafe har ya cim ma tuje, ya san inda fakara ke kwana da lokacin da cilakowa ke toshe kogon itace ta kwanta a kan ƙwai. Abin da ya rage shi ne madubi 'yan ƙwarori a makarantu, da littafin hotunan tsuntsaye mai sunayen Hausa, da ɗalibin da zai zauna gaban waɗannan tsofaffi ya rubuta abin da suka sani tun suna da rai. Hukumar komin ɗin Sae Sabuwa tana iya fara wannan da makaranta guda a rani mai zuwa.