Gasar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙwararru a Nijeriya da Matsayin Jihar Kano a Cikinta

Kamar yadda al'ummar Unguwar Tudu da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo suka sani, da wuya a sami filin makarantar firamare da matasa ba sa buga ƙwallo a cikinsa bayan sallar La'asar. Sai dai mun lura cewa yaron da zai jero sunayen 'yan wasan Ingila da Sifen ba tare da numfasawa ba, sau da yawa bai san cewa wata ƙungiyar Kano ta zama zakarar Nijeriya tun kafin a haife shi ba. Wannan ya sa muka ga dacewar kawo bayani game da babbar gasar ƙasarmu da yadda take shafar jama'ar karkara.

An fara gasar ta ƙasa a shekarar 1972 da ƙungiyoyi shida, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗaukar kofin. A waɗannan shekaru yawancin ƙungiyoyi mallakar ma'aikatu ne da kamfanoni, ɗan wasa yana aikinsa da safe, ya fita atisaye da yamma. Rangers ta Inugu da Shooting Stars ta Ibadan su ne suka fi yin tashe, amma a 1978 Raccah Rovers ta kawo kofin birnin Kano. Dattawan da suka bi wasanninta ta rediyo suna nan da ransu a garuruwanmu, kuma ya kamata matasa su nemi labari a wurinsu.

A shekarar 1990 aka mayar da gasar ta ƙwararru, wato ƙwallo ta zama sana'ar da ake ɗaukar mutum da yarjejeniya da albashi. A wannan shekara ce aka haɗe ƙungiyoyi uku, WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka kafa Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da "Sai Masu Gida".

Kirarin ba na banza ba ne. Pillars ta yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a wasannin gasar, har sai da Nasarawa United ta karya wannan tarihi a 2015. Ta ɗauki kofin a 2008, sannan ta jera shi sau uku a 2012 da 2013 da 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka bayan an tashi 2-2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar'uwarta Heartland ta Owerri ta tare mata hanya. A kakar 2009/2010 Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 yana sanye da rigar Pillars, daga nan ya tafi Turai, daga baya ya zama kyaftin ɗin Super Eagles. Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, shi kuwa a gida ya yi sunansa, kuma a ganinmu darajarsa ba ta gaza ta wanda ya ƙetare teku ba. A 2019 ƙungiyar ta ƙara da Kofin Ƙalubale, bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenareti a Kaduna.

Duk da haka, zuwa shekarar 2025 Enyimba ta Aba ce ta fi kowace ƙungiya yawan lashe gasar, domin a 2023 ta ɗauki kofi na tara, kuma ita ce ta ci gasar Zakarun Afirka a 2003 da 2004. Rangers ta ɗauki na takwas a 2024, Remo Stars ta Ikenne kuma ta ɗauki na farko a 2025.

Tsarin gasar, wadda ake kira NPFL a taƙaice, ba shi da wuyar fahimta. Ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana karawa da sauran gida da waje, wasa 38 ke nan a kaka. Nasara maki uku ce, canjaras maki ɗaya. Waɗanda suka ƙare a sama su ke wakiltar Nijeriya a gasannin nahiyar Afirka, huɗu na ƙarshe kuma su faɗa rukuni na biyu, wato NNL, wasu huɗu su hau. Ƙarƙashin NNL akwai rukuni na uku, NLO, sannan gasannin jihohi da na ƙananan hukumomi. Ma'ana, tsani ne guda ɗaya, ƙafarsa tana filin ƙauye, kansa yana filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata.

Ana hawa wannan tsani, ana kuma faɗowa daga kansa, kuma jihar Kano ta ga duka biyun. A 2022 an cire wa Pillars maki saboda tarzoma a filin wasa, a ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu, abin da ya baƙanta ran dubban mutane. Ta dawo a 2023. Muna jawo hankalin matasan da ke cika motoci daga Gwarzo da Kabo zuwa birni ranar wasa cewa dokar gasar tana ɗora laifin 'yan kallo a kan ƙungiyar da ke gida. Jifa ɗaya ko taɓa alƙalin wasa na iya jawo tara, ko cire maki, ko mayar da wasannin gida zuwa wata jiha, kuma tunda gwamnatin jiha ce ke ɗaukar nauyin Pillars, asarar tana komawa kan dukiyar jama'a ne.

Ta fuskar hawa kuwa, a 2025 Barau FC, ƙungiyar da Sanata Barau Jibrin, ɗan asalin Kabo, ya kafa, ta sami gurbi a babbar gasar, jihar Kano ta shiga kakar 2025/2026 da ƙungiyoyi biyu. Hakan na nufin ƙarin guraben 'yan wasa, da masu horarwa, da masu kula da lafiyarsu.

A nan ne aikin jami'an ƙananan hukumomi da masu unguwanni da dagatai yake. Masu neman ƙwararrun yara ba sa bin gida-gida, gasa suke zuwa kallo. Saboda haka filin da aka bari aka yanka filaye a cikinsa, ko aka mayar da shi wurin zuba shara, ya rufe wa yaran garin hanya. Haka zalika ya dace a yi wa ƙungiyoyin unguwanni rajista da hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha, a shirya gasar mazaɓu bayan an kammala girbi, lokacin da matasa suka sami sarari, a kuma tabbatar da cewa kowane yaro yana da takardar haihuwa ta gaskiya, domin rikicin shekaru ya sha hana 'yan wasa masu hazaƙa shiga ƙungiyoyin matasa na ƙasa.

Ga iyaye kuma, duk wanda ya zo da alƙawarin kai yaro gwaji Turai ko wata babbar ƙungiya, ya nemi a sayar da gona ko dabba a ba shi kuɗi, a dakata tukuna. A kai maganar sashen wasanni na ƙaramar hukuma, a binciki ko mutumin yana da lasisin wakilcin 'yan wasa, kuma kada a sa hannu a kowace takarda sai an sami wanda ya karanta ta ya fassara wa uba da ɗansa abin da ke ciki.