Idan Jikin Jariri Ya Ƙi Wani Abinci

Wani jaririn da zarar ya sha madarar shanu ko ya ɗanɗani ƙwai, sai borin jini ya feso masa, leɓe ya kumbura, wani lokaci har da amai. Garkuwar jikinsa ce ta ɗauki abincin a matsayin maƙiyi. Gyaɗa, kifi, alkama, waken suya da riɗi ma suna jawo haka, galibi cikin mintuna zuwa awa 2.

A da likitoci kan ce a jinkirta ba yara gyaɗa. Wani bincike da aka yi a Landan, aka wallafa a 2015, ya rushe wannan: a jariran da aka saba musu da gyaɗa da wuri, haɗarin jikinsu ya ƙi ta ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Saboda haka bayan wata 6 na nonon uwa zalla, kunun gyaɗa mai laushi ya dace, ban da ƙwayarta, don tana shaƙe yaro. Mai ƙyazbi mai tsanani kuwa, a fara ganin likita.

Numfashi ya sarƙe, ko harshe ya kumbura? A garzaya asibiti, allurar adrenaline ce maganinsa, jiƙo ba ya kwance wannan.