Luguden da ke kulle haske

Duk wanda ya taɓa jefa tsakuwa biyu a inda ruwan kogin Antau ya kwanta a Keffi ya ga yadda kowace ke tayar da zobban igiyar ruwa. Inda tudun wannan ya faɗa kwarin waccan, sai ruwan ya lafa kamar ba a taɓa shi ba. Haske ma igiya ne, kuma halinsa ke nan.

A 1954 Robert Dicke, masanin fiziya a Jami'ar Princeton ta Amurka, ya nuna cewa ƙwayoyin zarra masu maƙwabtaka ba sa fitar da haske kowace gaban kanta. In bugunsu ya zo ɗaya, hasken kan ɓarke da ƙarfi nan take. In kuwa suka yi lugude, taɓaryar wannan na sama ta waccan na ƙasa, sai igiyoyinsu su kashe juna a waje, ƙarfin ya maƙale a tsakaninsu. An ga na farkon a ɗakin gwaji tun 1973. Na biyun ne ya ba masana wuya, domin ɗakin da haske ba ya iya fita, shigarsa ma aiki ne.

Dabarar da masu bincike na Jami'ar Southampton ta Ingila suka wallafa a 2017 ta burge ni. Sun jera ƙananan zobban ƙarfe fiye da 1,000 a kan allo, kowane zobe an raba shi gida biyu, ɓari ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Wannan ɗan bambancin shi ne ƙofar. Ta nan igiyar maikirowef ke shiga, lantarki ya riƙa kai da komo a ɓangarorin biyu a saɓe, allon ya riƙe ƙarfin maimakon ya watsar. Zobban kuma tare suke aiki: gwargwadon faɗin jerin, gwargwadon ƙarfin riƙon.

A 2020 Cibiyar Max Planck da ke Garching a Jamus ta yi madubi da shimfiɗa ɗaya tak ta zarrar rubidiyam bisa wannan ƙa'ida. Abin da ake hange shi ne ma'ajiyar haske ga kwamfutocin gobe, da na'urorin gano sinadari komai ƙanƙantarsa. Ɗalibin fiziya a Jami'ar Jihar Nasarawa da ya ga allon Southampton, zai iya zaton daga cikin rediyo aka ciro shi.